Fegin Duba-Gari a Bayan Ɗakina

Na sha jin ku, ke Hauwa da kai Sale, kuna ba 'ya'yanku labarin shekarar da na yi yaji saboda madafi. Kuna faɗa kuna dariya, wai tsohuwa tun tana da ƙarfinta rigimammiya ce, an ce za a gina mata ɗakin girki mai rufin kwano ta ce ba ta so, ta tattara ta tafi gidan iyayenta a Gwangwan ta bar yara da tukunya a kife. Ban taɓa tanka muku ba, don abin da idon yarinta ya nuna muku ke nan. Amma yanzu gwiwa ta ƙi, ido ma ya fara bin sawunta, kuma 'yar bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci ba ta da sauran wani aiki da ya wuce wannan. Ku karanta a tsanake, sannan ku gyara abin da kuke gaya wa yaran.

Babanku mutumin Kurugu ne ta wajen dangi, Fulanin da suka zauna suka kama noma amma ba su saki shanu ba. Gidan da aka kai ni a Karaye na mahaifinsa ne, a bakin gari yake a lokacin, kuma da aka raba gado sai aka ja katanga a tsakiya, ƙaninsa ya ɗauki gefen da ya fi faɗi, mu muka tashi da tsukukun gefe mai ɗaki biyu da rumbu da masai. Ba mu damu ba, don arzikinmu yana Kurugu yana kiwo. Sai annobar shanu ta zo ta share garken, abin da ya rage bai kai a kira shi garke ba. Damina ta biyo baya ta yi mana rowa. Daga nan cin gidanmu ya koma kan kaskona. Ina sarin gyaɗa, in soya, a kai inji, in matse mai a turmi, in toya ƙuli-ƙuli, dillaliya ta zo ta kwasa. Duk wannan a wata rumfar kara nake yi, jingine da dangar maƙwabcinmu. Babanku mutum ne mai filako, kunyar nan ta Fulani, bai taɓa buɗe baki ya ce ni ke riƙe da gidan ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. Hauwa, ba ke ce 'yar farina ba. Akwai wani kafin ke, namiji, an raɗa masa suna Abubakar, ya rasu ban ko gama wankan jego ba. Ranar ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, hanyar maƙabarta ta cika, sai kakarku ta wajen uba ta ce jariri ne, a sa shi a bayan ɗaki kamar yadda aka saba. Haka aka yi. Ni kuwa yarinya ce, kuma ɗan fari ne, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya mutu ba ta kuka a ji. Ban yi kuka an ji ba. Abin da na iya shi ne kullum da safe in share wurin kafin in share ko'ina, ba na zubar da ruwan wanke-wanke a can, ba na bari a ɗaure akuya. Da kuka taso na ce muku akwai kunama a bayan ɗakin, kada wanda ya taka. Ƙarya na yi muku, kuma da za a sake da ita zan sake. Ina son yaron nan, har yau ina son sa, kuma sanin cewa bango ɗaya ne tsakanin gadona da shi, shi ya riƙe ni a gidan a shekarun da ba abin da yake da daɗi.

A bazarar shekarar da nake ba ku labari gobara ta tashi a unguwarmu. Daga rumfar wata mai tuyar ƙosai ta fara, ta kama danga, ta tsallaka gidaje, ta ritsa da wani tsoho makaho a ɗakinsa. Mun ji ihunsa, ba wanda ya iya shiga. Bayan an yi sadakar bakwai sai mai shela ya zaga gari da sabuwar doka. Duk gidan da ake sana'ar wuta, tuya ko suya ko dahuwar sayarwa, an hana rumfar kara da jinka. Sai an gina madafi na ƙasa, rufin kwano ko na soro, da tagar fitar hayaƙi. Ba za a aza tubali ko ɗaya ba sai duba-gari ya zo ya auna ya ba da takardar izini, kuma dole wurin ya yi nisa da masai, ya yi nisa da rumbu, ya yi nisa da dangar maƙwabci, kada kuma ya tare hanyar ruwa. Tuwon gida ba a hana ba, kowa ya kafa murhunsa a tsakar gida. Amma wadda aka kama tana tuyar sayarwa ba izini, za a kwashe kayan aikinta a kai maigidanta kotu. Ni da na ji ihun tsohon nan ban ga laifin dokar ba, har na ce Allah Ya yi wa wanda ya kawo ta albarka.

Duba-garin ya zo mana da hantsi, saurayi ne dogo mai kakin da ya sha guga, da igiyar awo a hannu da fegi a aljihu. Ya yi sallama yadda ya kamata, ya jira na shige ɗaki na saki asabari. Ta tsakanin karan asabarin nake kallonsu shi da Babanku. Ya sa aka rushe rumfata nan take, wannan na san za a yi. Sannan ya fara ja da igiya. Ya ja daga masai, ya girgiza kai. Ya ja daga rumbu, ya ja daga danga, ya duba inda ruwa yake bi ya fita ta rariya. Gidan ba wani gida ba ne, duk inda ya tsaya sai wani abu ya yi masa kusa. Sai na ga ya zagaya ta gefen ɗakina, na koma wajen 'yar tagar baya na leƙa. Yana tsaye a kan wurin da takalminsa.

"Alhamdu lillahi, Baba, ga wuri. Ka ga har a share yake, kamar an san za mu zo."

Babanku yana tsaye a bayansa, hannuwa a baya. Na zuba masa ido ina jiran ya yi magana.

"Ranka ya daɗe, ko za a duba wani gefen?"

"Na duba, Baba. Nan ne kaɗai ya cika ƙa'ida. Akwai wata matsala ne a nan ɗin?"

"A'a. Babu."

Ya ce babu, domin uba ba ya ambaton ɗan farinsa, balle a gaban baƙo, balle yaron da ya isa ya haifa. Ni kuma ina bayan taga, matar kulle, muryata ba ta fita gaban namijin da ba muharramina ba, kuma ko ta fita me zan ce, ɗana yana nan? Bakina bai taɓa haɗa waɗannan kalmomi ba. Muna ji muna gani ya ɗauki dutse ya buga fegi a ƙasa, ya buga na biyu, ya zagaye wurin da su. Kowane bugu a ƙirjina nake jin sa. Ya rubuta takardarsa ya miƙa wa Babanku, Babanku ya karɓa da hannu biyu har da godiya, ya raka shi zaure.

Da Babanku ya dawo bai dube ni ba. Na fita na tumɓuke fegin duka na jefa a murhu. Washegari Babanku ya tafi ofishin su duba-gari ya ce wurin bai yi masa ba. Suka ce ya faɗi dalili, ya ce shi dai bai yi masa ba. Suka ɗauka irin taurin kan mutanen ƙauye ne, suka sallame shi. Da ya rasa yadda zai yi sai ya aika Kurugu aka kira yayarsa, Goggonku Dije, wadda ni nake ce wa Yaya. Ita ta tsufa, ta wuce kunyar kowa, kuma tana nan ranar da aka sa yaron. Ta yafa mayafi ta tafi ofishin da ƙafarta, ta faɗa musu a fili abin da mu iyayensa muka kasa faɗa.

Zan yi wa yaron nan duba-gari adalci, don ba mugu ba ne. A ranar ya dawo, ya cire takalmi tun daga zaure. Ya ce wa Babanku ya yafe masa, bai sani ba. Ya sake jan igiyarsa a gidan kaf, har Babanku ya ce a rushe rumbun tunda ba komai a cikinsa, ya auna ya ga ko an rushe, masai da dangar maƙwabci sun cinye wurin. Aka je aka roƙi maƙwabcin ya mai da dangarsa katanga, ya ce da me, shi ma abin da zai ci yake nema. Aka roƙi ƙanin Babanku ya ɗan saki mana daga gefensa, ya ce gado an riga an raba. Duba-garin ya naɗe igiyarsa ya tsuguna a gaban Yaya.

"Goggo, wallahi da akwai yadda zan yi da na yi. In na sa hannu a jikin dangar nan, wuta ta tashi ta ci wani, ransa yana wuyana. Ni na shiga ɗakin tsohon nan bayan an kashe wutar, na ga abin da ya rage."

"To ɗan nan, mu ci me?"

Ya tashi ya ɗauki takalminsa ya tafi. Babanku ya je wajen liman. Liman ya ce ba a gini a kan kabari, hura wuta a kansa kuwa ya fi muni, amma in lalura ta kai lalura, shari'a ta yarda a ɗauke mamaci a mai da shi maƙabarta. Zance ya tsaya a nan: ko a tone yaron a yi madafi, ko a bar shi inda yake in bar sana'a. Yaya ce ta shigo ɗaki ta gaya mini, Babanku yana tsakar gida yana jin mu.

"Amarya, haƙuri za ki yi. Wanda ya tafi ya tafi, ga masu rai suna kallon hannunki."

"Yaya, ba za a taɓa wurin nan ina gidan nan ba."

"To sai ki faɗi abin da za a yi."

"Ban sani ba. Amma ba za a taɓa ba."

Na goya ƙanwarku Binta, lokacin tana nono, na bi motar kasuwa zuwa Rogo, daga nan na taka zuwa Gwangwan. Wannan shi ne yajin da kuke dariya a kai. Ba fushi da Babanku ne ya fitar da ni ba, ko da yake na yi fushi da shi, na ce a raina namiji guda ya kasa furta kalma ɗaya. Daga baya na gane ko ya furta igiyar nan ba za ta ƙara tsawo ba. Abin da ya fitar da ni shi ne na san in na zauna ina kallon fuskokinku zan yarda, ni kuwa ba na son in yarda. Na san kuma Babanku ba zai sa fartanya a wurin ba sai da bakina.

Iya, mahaifiyata, ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma lallashe ni ba. Ta ba ni tabarma da aikin surfe. Sai da na kwana biyu, muna tsince wake, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Waɗanda na binne sun fi ku da kuka rayu. Na tsohon gidanmu yanzu dawa ce a kansu, gonar wani ce."

"Iya, ke kin iya."

"Wa ya ce miki na iya? Ba a tambaye ni ba ne kawai. Ke an tambaye ki, shi ya sa kike wahala."

Damina ta faɗi ina can. Kun san watannin nan da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ko a shekarar ƙoshi sai an ɗaure ciki, balle a wannan. Labari yana zuwa mini ta bakin masu zuwa kasuwa: Yaya ta koma Kurugu don ita ma tana da nata iyalin, Hauwa ce take ɗora tukunya, Babanku yana ƙwadago a gonakin mutane, shi da a da ake yi wa. Ina jin wannan duka, in juya in kwanta, in ce gobe zan yi tunani. Ban san uwar da ta taɓa auna 'ya'yanta a ma'auni irin wanda aka miƙo mini ba, ɗaya a ƙasa, uku a sama, kuma kowanne ni na haife shi.

Ran nan da la'asar sai ga Babanku a kan aron keke. Ya gaisa da Iya ya daɗe, yadda suruki yake yi, sannan aka ba mu wuri a zaure. Rigar da na san yana cika ta, yanzu rataye take a kafaɗunsa. Bai ce in dawo ba, bai ambaci madafi ba. Ya tambayi lafiyar Binta, yana juya hularsa a hannu.

"Sale ya daina fita wasa. Zama yake a zaure, in an yi magana ya dube ka."

"Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ƙafafun ne suka ɗan tasa."

Na san abin da tasawar ƙafa take nufi ga yaro a wannan wata, kumburin yunwa ne, na gani a gidajen mutane. Sale, kai ba ka tuna ba, kana tuna dai an bar ka da ganyen tafasa ba ƙuli. Sai na ji bakina yana magana.

"Malam, ka je ka yi. Amma kada in gani, kada kuma ka taɓa gaya mini inda ka kai."

"Kin tabbata?"

"Na faɗa."

"To. Allah Ya ba mu haƙuri."

Ya hau kekensa ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Na faɗi maganar ne don a lokacin gani nake in na san wurin zan haukace, zan fita da rana tsaka in tafi maƙabarta, inda mace ba ta zuwa. Na manta wa nake gaya wa. Babanku in ya ce to, an gama.

Da na dawo Karaye na tarar da madafi a bayan ɗakina, jar ƙasa, rufin tsohon kwano da Babanku ya samo, da tagar hayaƙi a sama, komai yadda takarda ta ce. Duba-gari ya zo ya duba ya sa hannu. Yaya ce ta ba ni ɗan abin da ta sani, don ta zo ranar. Ta ce Babanku bai bar magini ya matso ba sai da ya gama. Bayan sallar asuba ya fara da ƙaramar fartanya, da ya yi nisa ya ajiye ta ya ci gaba da hannu. Abin da ya samu kaɗan ne, sai ya haɗa da ƙasar wurin ya naɗe a farin rawaninsa, ya rungume, suka fita shi da liman su biyu. Ta ce da ya dawo ya shiga ɗaki bai fito ba sai azahar. Inda suka kai kuwa ita ma ba ta sani ba, ba ta tambaya ba.

Na shiga na kafa duwatsun murhu, na hura wuta, na ɗora kasko. Ranar gyaɗar farko ta ƙone, ta biyu ta yi. A cikin ɗakin nan na yi sauran ƙarfina. Daga cikinsa kumburin ƙafar Sale ya saɓe, daga cikinsa aka yi muku kayan makaranta, aka yi wa Hauwa gara, aka sake sayen 'yan shanu aka kai Kurugu. Mata suna shigowa suna yaba madafin, wai na yi sa'ar miji. Ina cewa alhamdu lillahi. Ban taɓa jin daɗin wurin ba ko na yini ɗaya, kuma da safe in na ɗauki tsintsiya sai in tsaya ban san ta inda zan fara ba.

Tsakanina da Babanku ba a sake faɗa ba, amma wani abu ya zauna a tsakani. Shekara ta bi shekara ina jiran ya karya alkawari. In ya dawo daga jana'iza sai in kawo masa ruwa in ƙi tashi, ko zai ce ya biya ta wajen. Sai ya sha ruwan ya ce Allah Ya jiƙan musulmi, ya tashi. Na san yana biyawa, don yakan fi sauran maza daɗewa. Shi yana ganin ya riƙe mini amanar da na ba shi, ni kuma kunya da girman kai sun hana ni cewa na janye. Sau da yawa na shirya maganar a baki, in ya shigo sai in tambaye shi farashin gyaɗa. Liman ya rasu, na ce ba komai, ai Malam yana nan. Ina ganin lokaci namu ne.

Sai ciwon nan ya buge shi a gona, wanda kuka sani, aka kawo shi a amalanke ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Kuna ta kai shi asibiti kuna dawowa, ana cewa za ta dawo a hankali. Ba ta dawo ba. Wata rana da hantsi, kun fita duka, na gama ba shi kunu na goge masa baki, na zauna a bakin gadon. Na ga yadda numfashinsa ya koma, na san in ban yi yau ba shi ke nan.

"Malam, na janye maganata. Ina ka kai Abubakar?"

Ranar ce farkon da sunan ya fita daga bakina, kuma na ga ya ji. Idonsa ya kawo ruwa. Ya buɗe baki, ya yi ta ƙoƙari, harshen yana juyawa, sauti yana fita amma ba kalma a ciki. Na kai kunnena har bakinsa, na ce ya sake, ya sake, ban tsinci komai ba. Da ya gaji sai ya ɗaga hannun hagun da yake motsi, ya nuna wajen ƙofa, ya riƙe shi a sama har ya faɗi a kan bargo.

A satin ya rasu. Sale, kai ka sa shi a kabarinsa, a maƙabartar da yayanka yake, wataƙila ka taka shi a hanyar shiga ko ta fita. Na tambayi tsofaffin masu haƙa ta bakin Yaya kafin ita ma ta tafi, suka ce kabarin jariri na shekarun baya ba wanda zai iya nunawa, ruwa ya daɗe da baje su.